Takarar da Ta Kuɓuce wa Malam Nu'uman

Malam Nu'uman tela ne a Fagge, jikan Barebarin da suka daɗe da zama a Kano. Mutum ne mai gaskiya, duk wata rigimar layinsu a bakin shagonsa ake kashe ta. Aibinsa ɗaya, idan ya kafe a kan magana ba mai tanƙwara shi.

Wata shekara a zamanin soja, ofishin haraji suka ɗauke shi a matsayin mai kamfanin ɗinki, suka yanka masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ya biya, sannan ya kai kuka. Aka duba aka ce kuskure ne, za a mayar masa da rarar. Daga nan sai jeka ka dawo. Ya yi ta sintiri har ya gaji, ya rantse ba zai ƙara ba su ko sisi ba sai sun fara biyansa.

Amininsa Augustine, mai sayar da kayan gyaran keken ɗinki a Sabon Gari, ya sha ba shi shawara ya riƙa biyan na kowace shekara kafin wa'adi, ya bi haƙƙinsa daban. Nu'uman ya ce ai wannan tsoro ne.

Da soja suka fara shirin miƙa mulki, dattawan unguwa suka roƙe shi ya fito takarar kansila. Ya ji daɗi ƙwarai, ya amsa. Sai a wajen rajistar 'yan takara aka nemi shaidar biyan haraji. Augustine ya rufe shagonsa ya raka shi ofishin, suka tarar da shi maƙil da masu neman irin wannan takarda. Aka ce sai an lissafa shekarun da ya tsallake tukuna. Nu'uman ya biya duka, amma kafin takardar ta fito an rufe karɓar sunaye.

A hanyarsu ta dawowa, wajen shataletalen Bata, Nu'uman ya dubi amininsa.

"Ka gaya mini, Augustine," in ji shi. "Ni ke da gaskiya, amma kaina na cuta."

Rarar ta fito daga baya, ya karɓa ba yabo ba fallasa. Da zaɓe ya zagayo, takara ta riga ta koma ta masu iyayen gida, ba wanda ya sake tuntuɓarsa. Ya ci gaba da ɗinki har idonsa ya yi rauni, ya bar wa ɗansa shagon.