Godiyar da Ta Ƙoshi da Sabuwar Ciyawa

Mu biyu muka zauna ɗaki ɗaya a wani bene na unguwar Wangsa Maju a Kuala Lumpur, ni da wani ɗan Kano, dukkanmu muna karatun digiri na uku kan abincin dabbobi a hannun farfesa ɗaya, wata dattijuwa 'yar Malay. Ni ɗan ƙauye ne daga wajen Haɗeja. Na tashi da godiyar babana a turke, ni ke ba ta harawa da dusa, ni ke jiƙa mata kanwa. Shi kuwa a shagon atamfar mahaifinsa ya girma. Ranar da aka fara kai mu bargar da ɗalibai ke gwaji, wani doki ya yi atishawa, sai ga mutumina a bayan ƙofa.

Da farfesa ta ce wata gonar dawakai a wata ƙasa mai sanyi tana neman ɗalibi guda, ya je ya bi yadda jikin dawakai ke sauyawa daga ƙarshen hunturu zuwa fitowar sabuwar ciyawa, ban ko yi shakka ba cewa ni za ta tura. Har na fara tambayar inda ake sayar da rigar sanyi. Sai ta zaɓe shi. Ta ce aikin na awo ne da lissafi, kuma hannunsa ya fi nawa faɗawa a nan.

"Wani karon kai ne, lah," in ji ta, da "lah" ɗin nan da 'yan Malay ke rufe magana da shi.

Na ce, "Boleh, Farfesa," wato to, ba komai. Na fito na tsaya a tashar jirgin ƙasa, jirgi ya zo ya wuce ban shiga ba.

Ni na raka shi filin jirgin sama, ni na ja masa akwati. A hanya ya ce, "Malam, wallahi kai ya kamata ka tafi." Na ce masa rabo ne, kowa da nasa. Bakina ne ya faɗa.

Hotuna suka fara shigowa wayata. Na farko wata godiya ce ja, gashinta buzu-buzu, haƙarƙarinta a fili, tana tsaye cikin taɓo da ragowar ƙanƙara. Na daɗe ina kallonta. Haka godiyar babana take komawa a ƙarshen rani, in harawa ta ƙare, ƙasusuwan kuturinta su taso kamar kafaɗun tsoho. Sannan ruwan fari ya sauka, ƙasa ta yi tsanwa, kafin ka ankara ta murje tana sheƙi. Wannan juyin nake so in gani da ma'auni a hannuna tun ina aji ɗaya a jami'a. A Kuala Lumpur babu shi. Ruwa kusan kullum da la'asar, ciyawar bakin titi ba ta taɓa bushewa, dawakan bargarmu kuma busasshiyar ciyawar da ake kawowa daga ƙetare suke ci. Yadda ka bar su bara haka za ka same su bana.

Kowane mako sai ya turo hoton jar godiyar. Tsohon gashin ya zube, haƙarƙarin ya ɓace, bayanta ya cika ya yi kwari a tsakiya. A wani hoton har hannunsa na gani a kan gezarta. Nakan yi tapau na shinkafa, wato in sayo ta a ƙunshe, in dawo ɗaki, in ajiye wayar a kife, in ci loma kaɗan, in sake ɗagawa.

Wata safiya ya kira ni. Ya ce godiyar ta yi ƙiba har wuyanta ya yi tauri, yanzu tana tsayawa ta miƙe ƙafafun gaba, kofatanta da zafi. Raina ya yi wani irin sanyi, na gyara zama zan koya masa. Ban kai ga buɗe baki ba ya ci gaba. Ya ce zaƙin ɗanyar ciyawa ne ya yi mata yawa, ya riga ya ɗauke ta daga fili, ya sa ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, likita na hanya. Sauran dawakan kuma ya sa musu takunkumi mai huji don su rage ci, ya daina sakinsu da yamma, saboda a lokacin ne ciyawar ta fi zaƙi.

"To me zan yi maka?" na tambaya.

"Ba komai, Malam. Tsoro ne ya kama ni, na ce bari in ji muryar wanda ya san doki."

Maganar yamma ɗin nan ban san ta ba. Da muka gama na je na duba, na tarar haka ne. Ranar ban shiga ɗakin gwaji ba.

Godiyar ta warke. Da aikin ya ƙare, mutumina ya dawo da kumatu, wandonsa ba ya rufuwa, 'yan uwanmu a masallaci suna tsokanarsa wai shi ma ciyawar ya ci. Na yi dariya tare da su, har ta fi tasu ƙarfi.

Bayan kwana biyu muka je barga. Akwai wani doki kili mai cizo wanda ni kaɗai yake bari in taɓa. Mutumina ya nufe shi kai tsaye, ya dafa kafaɗarsa, ya shafa haƙarƙarin da tafin hannu, ya ce, "Wannan a rage masa hatsi." Kilin ya sauke kai yana shinshinar aljihunsa.

Gaskiya ya faɗa, na daɗe da sani. Na ɗauki bokitin hatsin na kwashe kaɗan na mayar buhu. Ya ce in zo mu je mamak, gidan abincin bakin titi, mu sha shayi, shi zai saya. Na ce ya yi gaba, sai na wanke hannu tukuna.