Kindirmon Kaka

Har yau in na ji ƙarar ludayi cikin ƙwarya ana dama fura, sai gabana ya faɗi. Za ka ce mene ne abin tsoro a fura? To, bari ka ji.

A gidanmu na Mawashi nono ba abin marmari ba ne. Ruga na bayan gonarmu, kowace hantsi matan Fulani na sallama da ƙwarya a ka. Yaro ya yi zazzaɓi, kindirmo. Mai jego, kindirmo. Ko tuntuɓe ka yi, Kaka, mahaifiyar Baba, kindirmo za ta ɗura maka. A wurinta ciwon da ya ƙi jin nono ajali ne kawai.

Sai aka haifi ƙanwata. Tun tana goye take amai, jiki ya saki, ta yi ta barci kamar ba za ta farka ba. Yayyenta maza biyu haka suka tafi kafin yaye, aka ce iska ce. Ita kam Baba ya kai ta Kankiya, daga can aka tura su babban asibiti a birni. Likita ya ce ciwon gado ne, da yake Inna da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne. Abincin da ke gina jikin kowa, ita guba yake zame mata, ya taru ya ci ƙoda. Nono, nama, ƙwai, wake, ƙuli-ƙuli, duk sai ɗan abin da aka auna da cokali.

Inna ta riƙe dokar nan gam. Ranar babbar salla gida ya cika da ƙamshin suya, yarinyar nan na zaune jikin turmi da dafaffen dankali, tana bin hannuwanmu da ido. Ƙafafunta kamar sillen kara. Kaka ta ce, "Wane irin likita ne ke maganin ciwo da yunwa? Kashe mani jika za ku yi."

Da damina ta faɗi, duk ranar da Inna ta tafi unguwa sai Kaka ta ja mu ɗakinta. "Ke, tsaya bakin ƙofa," ta ce da ni. "In kin ji motsin uwarki, ki yi tari." Shekarata goma, na san an hana. Amma wallahi in ka ga yadda ƙanwata ke rungume ƙwaryar kindirmon Kaka da hannu biyu tana lumshe ido, kai ma za ka tsaya. Na tsaya har damina ta ƙare.

Fuskarta ta ciko, ƙafafu suka yi kauri. Kaka har da guɗa. "Kun gani ko? Ta fara ƙiba!" Ashe kumburi ne, ruwa ne ƙoda ta kasa fitarwa. Fitsari ya ragu, numfashi ya yi nauyi. Ana tsakiyar girbin gero aka kai ta makwancinta.

Na ɗora wa Kaka laifi, don in na sauke mata, kaina zai dawo. Ban sake cin abin hannunta ba. Da ciwon ajali ya kama ta, ta riƙe mani hannu ta ce in yafe mata. Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya," na zare hannuna.

Yanzu ina aure a Kusada, gidan ɗan kawuna, kuma ɗana na biyu ya zo da ciwon. Zamani ya canza, akwai gwajin jini, akwai waya in kira likita. Shekara tara ko ɗigon nono bai wuce awo ba, ko barka ba na zuwa da shi don kar a miƙa mashi wani abu. Makon jiya likita ya duba takardar gwaji, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce ƙodar ta fara rauni, awon abinci yana jinkirta abin, amma ba kullum yake hana shi ba.

Na fito na zauna a kan benci. Tsohuwar da ya kamata in je in durƙusa mata ta daɗe a ƙasa, kuma ba ni da sauran wanda zan ɗora wa laifi. Yaron ya ja mani mayafi.

"Umma," ya ce, "takalmina ya matse ni."