Mai Gada da Gidan Ubangidansa

Surukina mai ɗaukar hoto ne. A unguwarsu ba wanda ke kiransa da sunan yanka, kowa Mai Gada yake ce masa. Sunan ya fito ne daga labulen da ke bangon shagonsa, wanda duk mai son hoto yake tsayawa a gabansa. An zana wani tsohon birni a jiki: kogi mai faɗi, doguwar gada, hasumiya daga hagu, da wani farin gida mai shuɗiyar ƙofa a bakin ruwa.

Shagon ɗan ƙarami ne. Benci ɗaya, madubi mai tsagewa a gefe, mataji ɗaure da zare don kada ya yi ƙafa, sai wata baƙar kwat da ake ara wa masu neman aiki. Baba, kamar yadda muke kiransa a gida, ba ya ce wa mutum ya yi murmushi. Sai ya sunkuya bayan kyamara ya ce, "Ka ga farin gidan nan na bayan kunnenka? Nan na yi shekara biyu ina koyon hoto. Ubangidana akwai faɗa, amma bai taɓa cin abinci ya bar ni da yunwa ba." Mutum na sakin jiki, sai ka ji ƙyas. Da wannan labarin ya ɗauki hoton rabin unguwar, ya ci da iyalinsa, ya aurar da 'ya'ya.

Da wayoyi suka cika gari, aikin ya ja baya, sai mai neman hoton fasfo jifa-jifa. Matata, wadda ita ce autarsu, ta ga yadda yake wuni yana kallon titi, ta ce mu kai shi birnin nan shi da Inna su yi kwana biyu, ya ga tsohon wurinsa. Baba ya ce gwiwa na damunsa. Aka ce a jirgin ƙasa za a je. Ya ce to shago fa?

"Wane shagon?" in ji Inna. "Ƙuda ma ya daina leƙo ka."

Inna ta sayi farin yadi mai kyau da kwalbar turare ta naɗe a leda. Ta ce, "Mutumin da ya riƙe mini miji shekara biyu ba zan je masa hannu rabbana ba. In ya rasu, ai ya bar baya." Na lura Baba ya kalli ledar nan, ya kau da kai.

Birnin ya yi kyau. Lunguna ne matsattsu na dutse, da tsohuwar ganuwa, da jiragen ruwa masu zagayawa da baƙi. Muna ajiye kaya a masauki Inna ta ce a tafi bakin kogi. Muka tarar da gadar, amma ta ƙarfe ce, baƙa, gajera. Hasumiya kuwa babu ko alamarta.

"An canza wurin," in ji Baba.

"Har hasumiyar suka ɗauke?" in ji Auta.

"Ai hukuma ba abin da ba ta iyawa."

Auta ta yi dariya. Inna ba ta yi ba, hankalinta na kan farin gida. Ta rungumi ledarta ta shiga bi ƙofa-ƙofa. Ta tambayi mai sayar wa baƙi riguna, ta tambayi mai shayi, ta tambayi wata tsohuwa da ke share ƙofar gidanta. Kowa sai ya ce, ya sunan mai hoton? Inna ta waiwayo.

"Maigida kawai muke ce masa," in ji Baba, daga can baya.

Ya rataya kyamara a wuya, amma tun da muka sauka bai ɗauki hoto ko ɗaya ba. Sai ya cire murfin ya goge gilashi, ya mayar, ya sake cirewa. Ga shi ba zafi ake yi ba, amma wuyan rigarsa ya jiƙe.

Mai shayin ne ya ce mu gwada gidan tarihi, akwai ɗaki guda na tsofaffin hotunan bakin kogin, tun kafin a haifi kakansa. Inna ta yi masa godiya har da durƙusawa.

Ɗakin dogo ne, hotuna a jere daga wannan bango zuwa wancan. Inna ta sa tabarau ta fara daga na farko, Auta na karanta mata rubutun ƙasa. Baba ya zauna a bencin bakin ƙofa. Na ga bai dace in bar shi shi kaɗai ba, na zauna a ɗaya ƙarshen.

"Ɗana," ya ce, bai kalle ni ba. "Yau na fara ganin kogin nan."

Ya ci gaba a hankali. Ya ce shekara biyun nan a tashar motar wani gari ya yi su, ba ma nisa da gida, yana dako. A ƙarƙashin manyan motoci yake kwana. Da ɗan abin da ya tara ya sayi kyamara da labulen a hannun matar wani mai hoto da ya rasu, ya koya wa kansa da ɓata fim. Lokacin da yake neman auren Inna, ranar da mahaifinta ya zo shagon ya tambaye shi ina ya shiga shekara biyu, ya rasa ta cewa. Labulen na bayansa, sai ya nuna.

Kunya ta rufe ni kamar ni na yi. Ban taɓa zaton zan ji irin wannan daga bakin suruki ba. Na tsura wa takalmina ido na ce, "Baba, ai dako sana'a ce."

"Yanzu ka ce haka. Da a ranar na faɗa, da ba a haifi matarka ba."

Inna ta kai ƙarshen bango, ta sake dawowa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A kowane hoto gadar ƙarfen nan ce, bakin ruwan kuma rumfunan masunta ne da wani dogon sito. Ta cire tabarau ta zo ta tsaya a kansa.

"Malam, kogin nan biyu ne?"

"Ɗaya ne."

Ta ɗora masa ledar a cinya ta fita.

Muka same ta zaune a matakalar da ke gangarawa ruwa. Baba ya tsaya daga sama riƙe da leda, ya maimaita mata abin da ya faɗa mini, muryarsa na shigewa. Wasu baƙi suka wuce mu a jirgin ruwa suna ɗaga mana hannu, ba wanda ya ɗaga musu. Auta ta rufe baki da gyale. Ni kuwa da akwai inda zan shige da na shige.

Inna ta daɗe tana kallon ruwa.

"Dakon bai dame ni ba," ta ce. "Tun ranar da na shigo gidanka ban taɓa sallame sallah ban sa mutumin nan a addu'a ba. In ce Allah ya saka masa, ya jiƙan iyayensa, ya yi wa zuriyarsa albarka. To wa na yi ta yi wa addu'a, Malam?"

Baba ya sauya ledar daga wannan hannu zuwa wancan.

"A tashar, wa ya ba ka abinci?"

"Akwai wata mai abinci. Takan bar mini na ƙasan tukunya, in wanke mata kwanuka."

"Tana da rai?"

"Ban sani ba. Ban taɓa komawa ba."

"Ba ka taɓa komawa ba." Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta. "Auta, ku je ku canza mana tikiti. Can za mu."

"Inna, ba mu ga ganuwar ba, ba mu shiga jirgin ruwa ba."

"Na ga abin da zan gani."

Baba ya leƙa cikin ledar ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ai yadin maza ne."

"Sai ta ba wanda ta ga dama. Kai za ka miƙa mata da hannunka, ka kuma gaya mata inda ka shiga duk shekarun nan."

Ta hau matakalar ta wuce shi ba ta kalle shi ba. Na rage sauri don mu jera da Baba, ya yi mini alama da hannu in wuce. Haka muka koma masauki, Inna a gaba, mu a tsakiya, shi can baya da ledar a hammata, kansa a ƙasa.