Tsakar da Odile ta samu a buhun katantanwa

Odile 'yar ƙauyen Vao ce, a tsibirin Kunie. Tun tana yarinya take bin uwarta daji tsintar katantanwa, da wannan sana'ar ta yi aure, da ita ta raini 'ya'ya har suka tafi birnin Noumea neman aiki. Mijinta Anselme masunci ne. Shekarar da teku ta dawo da kwalekwalensa babu shi a ciki, dangi suka zo da yadi da taba da doya, aka yi jawabai, aka watse. Odile ba ta yi kuka ba. Ta koma daji kamar kullum, sai dai in ta dafa abinci takan manta ta ci.

Wata safiya tana juye buhu, sai ga jaririyar tsaka maƙale da bawon katantanwa. Ba irin ta bango ba ce, ta daji ce, mai gira tsaitsaye kamar an jera mata ƙaya, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Da mayar da ita za ta yi, amma jan kiyashi ya mamaye wancan gefen dajin, abu ƙarami irin wannan ba ya kai labari a cikinsu. Ta sa ta a tsohon kwandon kifin Anselme, ta zuba ganye, ta rufe da ƙyallen gidan sauro.

Tsakar ta ƙi ci. Odile ta ba ta doya, ta ba ta kifi, ko kallo ba ta yi ba. Sai dai ta zaro harshe ta lashi idonta. Cikinta ya fara lotsawa.

Yayan Odile, Firmin, ya biyo ta gidan ya leƙa kwandon. Ya ce, "Ƙanwata, mutane na kiwon alade, ke kin kama tsaka. Ranar yanka a tuna da mu."

Ta ce, "Ba ta ci, Yaya."

"To, gidan ne haka. Baƙuwa za ta riga masu gida sa hannu a kwano? Nemo mata ayaba, wadda ta nuna har ta fara baƙi."

Odile ta dama ayabar, ta ɗauko tsakar don ta shafa mata a baki. Tsakar ta yi tsalle, Odile ta kai hannu ta cafke. Tsakar ta faɗa cikin kwandon, wutsiyar ce kawai ta rage tsakanin yatsun Odile, tana mutsu-mutsu. Ta tsaya tana kallonta har ta daina motsi.

Firmin ya ce, "Bar ta, wata za ta tsiro. Kowace tsaka haka take, lokaci ne kawai."

Maganar ba baƙuwa ba ce a kunnen Odile. Tun bayan zaman makoki ake gaya mata irinta.

Daga ranar ba ta ƙara taɓa tsakar ba. Da yamma ta ɗiga ayaba a bawon katantanwa, ta yayyafa wa ganyen ruwa, ta ja ƙyalle ta ba da baya. Da safe ta wanke bawon, ta sake sabuwa. Ana nan, wata safiya ta ga 'yan layuka a kan ayabar, sawun harshe. Ta daɗe a tsugune. Abin da tsaka ke ci bai kai ƙwayar wake ba, ga sauran ayabar a hannunta, Odile kuwa ba a saba mata da zubar da abinci ba. Ta cinye a tsaye, ba ta ji ɗanɗanonta ba.

Da lokacin sabuwar doya ya zagayo, tsakar ta kai tsawon tafin hannu. Firmin ya sake leƙawa, ya ga dungulmin wutsiyar yana nan yadda yake.

Ya ce, "Har yanzu ba ta fito ba?"

"Ba za ta fito ba, Yaya. Na daji ba sa mayarwa."

Ya sosa gemu. "Amma dai tana tsalle."

"Tana yi. Wani lokaci ta faɗo."

Ta ɓare ayaba, ta gutsiri na tsakar, ta miƙa masa rabi.