Likitan da Ya Tsaya a Bayan Ɗalibarsa

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan jiya, Allah ya karɓi ran babban likitan zuciyar yara na asibitinmu, wanda iyaye ke kira Baba Likita. Labarin ya iske ni a bakin ɗakin jinya, ina rungume da jikata da aka sallama a safiyar, bakina ya ƙi rufuwa don murna. Wata nas ce ta faɗa mini. Na tsaya ban san me zan yi da fuskata ba.

Baba Likita, an haifi yarinyar nan da huda a zuciya. In tana shan nono sai ta yi ta haki, gumi ya jiƙa mata goshi. Sunanka muka ji muka zo. Ka duba ta, ka tambaye ni ko ita ce amaryar tawa, na ce ita ce, sai dai ko dariya ba ta da ƙarfin yi mini. Daga nan ka nuna wata matashiyar likita mai gilashi da ke koyon tiyata a hannunka, ka ce ita za ta yi aikin, kai kuma za ka tsaya a bayanta.

Na ƙi. Na ce ban kawo jikata a koyi aiki a kanta ba. Ɗana yana ta taka mini ƙafa, ban kula shi ba. Ba ka yi fushi ba. Ka zaunar da ni a ofishinka, ka gaya mini masu koyon tiyata da yawa suna biyowa ta sashenka, suna sha'awar aikin, amma da sun ga zuciya kamar dunƙulen hannun jariri sai su nemi wani fannin. Waɗanda suka so zama kuma ba a barin su su taɓa komai, sai kallo. Da ka ji cewa da furfurata na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci, sai ka ce:

"Baba, ai kai ma wani ne ya haƙura ya bar maka alƙalamin. Ni ba zan dawwama a ɗakin nan ba."

Ban ce na gamsu ba. Ɗana, uban yarinyar, shi ya amince. Aka yi aiki, aka dace. Daga baya nas ta ce mini tun da aka fara har aka gama hannuwanka na goye a bayanka, magana kawai kake yi ƙasa-ƙasa.

Na je gidanka gaisuwa. Ina ba maiɗakinka labarin yarinyar, sai na ji kaina ina dariya a tsakiyar masu makoki. Kunya ta rufe ni. Ita kuwa ta ce in ƙarasa, irin labarin da kake so ke nan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ka ce in yarinyar ta ƙara girma akwai sauran aiki na biyu. A zaman makokin na ga mai gilashin a gefe, idonta ya kumbura. Ni da na ƙi ta, ni ne na je na rusuna ina tambayar ta ko za ta zauna a sashen. Ta ce ba ta sani ba, ba ta taɓa yin ɗinki babu muryarka a bayanta ba. Sannan ta ce, "Baba, ku dai kawo mini ita ranar Talata in duba ta."

Za mu kai ta. Iyakar abin da na sani ke nan.

Allah ya jiƙan ka, Baba Likita, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka da abokan aikinka. Ɗalibarka kuma, Allah ya ba ta haƙuri, ya tsayar mata da hannu. Amin.