Man Kanumfarin Hamamatu

A unguwar Asawase ta Kumasi, a ƙasar Gana, in aka ce Hamamatu mai man nama, kowa ya san gidan. A nan aka haife ta, a ɗakin da ubanta ya kama lokacin da ya sauko da shanu daga Tawa, ta ƙasar Nijar, bai sake komawa ba. Ita kuwa ko Tamale da ke arewacin Gana ba ta taɓa zuwa ba.

Kumasi gari ne mai laima. Nama in ya kwana biyu sai ya yi yauƙi, ya fara wari. Hamamatu takan daka kanumfari da kimba da citta, ta zuba a man gyaɗa mai ɗumi, ta rufe tulu kwana bakwai, sannan ta tace. Da wannan man take shafe soyayyen nama da ƙyafaffen kifi. Direbobin goro sukan rantse namanta na yin mako uku a gwangwani bai canza ba. In an tambaye ta dalili, sai ta ce, "Abin da ke ruɓar da nama ba ya son kanumfari. Iyakar sanina ke nan." Da wannan sana'a ta raini 'yarta Safiatu bayan rasuwar mijinta, har ta aurar da ita ga wani Badagombe mai ɗinki, ɗan asalin Gana.

A ƙarshen 1969 gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar cikin mako biyu. Hamamatu ta yi dariya, don ba ta ga baƙo a gidanta ba. Sai da ta je ofis ta ce a nan aka binne cibiyarta, ma'aikacin ya kira ta uwa da yarensu, ya ce, "Maame, ina takarda?" Ungozoma ba ta ba da takarda.

Kwana goma ta yi tana suya. Duk maƙwabcin da zai hau mota sai ta cika masa gwangwani. Ran da ta ɗaure nata kayan, Lariba, wadda suka yi shekara ashirin suna zama rumfa ɗaya a kasuwa, ta shigo tana duban tuluna.

"Mman Safiatu, tunda tafiya za ki yi, ki faɗa mini ma'aunin kanumfarin mana. Tulunan ma ai ba za su shiga mota ba."

"Ko sannu ba ki yi mini ba, Lariba."

"To, sannu. Ma'aunin fa?"

Hamamatu ta ci gaba da ɗaure kayanta. Safiatu ta riƙe zanenta tana kuka. "Mma, ki ɓuya a ɗakina."

"In ɓuya a garin da aka haife ni? Sake ni."

A bakin iyaka motoci suka tsaya kwana tara cikin rana. Guzurin mutane ya lalace, zawo ya kama yara. Naman Hamamatu ne bai yi komai ba. Ta riƙa gutsura wa masu shayarwa da tsofaffi har gwangwanayenta huɗu suka ƙare, ita kanta ta ƙarasa tafiyar da garin rogo.

A Tawa ba ta sami wanda ya tuna ubanta ba, sai wani tsoho da ya ba ta zaure. Mata suna dariyar Hausarta, suna ce mata 'yar Gana. Ta sayar da 'yan kunnenta ta sayi kanumfari, ta haɗa man, ta kai kasuwa. Wani mahauci ya shinshina, ya nuna mata naman da ya shanya a igiya.

"Baba, nan rana ke mana wannan aikin, kyauta."

Ba ta sake haɗawa ba. Ta koma yi wa mutane surfe da daka, a ba ta abinci. Da damina tari ya kama ta, ta rasu kafin azumi. Sai bayan wata huɗu wani mai koro shanu ya kai wa Safiatu labari, a bakin famfo, tana tsaye da bokiti a ka.