Cinyar Rago da Awon Taga

Maigidana ya rasu ran uku ga watan azumi, a haɗarin mota a hanyar Tsafe, yana dawowa Gusau daga gaishe da iyayena. Malami ne a jami'a, muna zaune a gidajen malamai da 'ya'yanmu uku. Ba zan yi wa mutanen jami'ar nan butulci ba, sun yi mini. Su suka ɗauko gawarsa, su suka raka ta Bungudu, garinsu, aka binne. Matan malamai suka raba kwanaki a tsakaninsu, azumin nan kaf ban ɗora tukunya ba.

Wanda ya fi kowa tsayawa shi ne amininsa, wanda muke kira Dokta. Ofis ɗaya suka zauna shekara da shekaru, kwano ɗaya suke sa hannu. Ranar sadakar bakwai ya tsaya daga bayan labule ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Babu mai tashe ki gidan ga sai kin ƙare takaba. Ni na tsaya miki."

Abin da nake so ke nan, ban nemi ƙari ba. Na san gida na jami'a ne, ba gadonmu ba. Amma mace a ɗakin mijinta take takaba, wata huɗu da kwana goma, ni kuma ina son in cika nawa a inda rigunansa ke rataye.

Babbar Sallah ta zo, saura mini wata ɗaya da 'yan kwanaki. An yi hutu, ɗalibai sun watse, maƙwabta sun tafi garuruwansu. Duk shekara maigidana da Dokta kan yi musayar cinyar rago, a shekarar nan kuwa gidana ko kaza ba a yanka ba. Washegari, ranar rabon nama, sai ga Dokta da matarsa da cinya a faranti. Na yi kuka, na yi godiya har muryata ta dushe. Shi ya tsaya a waje wurin yara, ita ta shigo falo.

Na kai naman kicin, na dama mata fura. Ina dawowa na tarar da ita tsaye a bakin taga, ta yaye labule gefe, tana ɗora gwiwar hannu tana awo, leɓenta na motsi. Kamu huɗu na ji ta ƙirga. Da ta gan ni ta ɗan zabura.

"Labulen ga naki nike kallo, Hajiya. Ina kinka saye shi?"

Ina da baki, kowa ya shaida. Ranar nan sai na miƙa mata fura kawai, na gaya mata kasuwar da na saya.

Ana dawowa hutu takarda ta iso. An ba ni mako biyu in tashi, ga sunan Dokta a ƙasa a matsayin mai shiga. Wata maƙwabciyata ta ƙarasa mini labarin. A zaman rabon gidaje an so a jira ni, shi ya miƙe ya ce ni da bakina na gaya masa na fi son in ƙarasa takaba a Bungudu. Wa zai musa wa aminin mamaci?

Na kira shi a waya. Ya ce, "Hajiya, gara ni da baƙo. Ko lemun da marigayi ya dasa, ni zan riƙa ba shi ruwa." Na ji baƙin ciki wanda ko ranar mutuwar ban ji irinsa ba, don ita mutuwa ba ta yi mini alkawari ba.

A ɗakin surukata a Bungudu na cika sauran kwanakin. Malaman addini sun ce lalura ce, babu laifi a kaina. Daga nan na koma Tsafe da yara.

Har yau duk Babbar Sallah cinyar nan sai ta iso. Inna, mahaifiyata, takan ce, "Kira shi ki yi godiya, shi ya ɗauko miki gawar miji." Gaskiyarta, sai in kira in gode. In soya wa yara su ci, ni ko tsoka ɗaya ban taɓa kaiwa bakina ba.

Bara na kai babbar 'yata rajista a jami'ar, mai adaidaita ya bi da mu ta layinmu na da. Lemun ya yi girma, yana ta 'ya'ya. Na ɗaga ido na dubi tagar falo. Labulen matar Dokta ya zauna daidai, ko yatsa bai rage ba.